Gonar da Taba ta Noma

Idan ka bar garinmu ka nufi Ibohaman, kafin ka gangara kwari, akwai wata gona bisa tudu a hannun hagu wadda baƙi kan tsayar da mota su duba. A da fako ce, jar ƙasa mai tauri wadda ko akuya ba ta ɓata lokacinta a kai. Yanzu daga wannan gefe zuwa wancan ramukan tassa ne layi-layi, irin ramukan da muke haƙawa da rani mu zuba taki don su tare ruwan sama, kuma idan damana ta kankama hatsi yakan kai kafaɗar mutum. Bara wasu ma'aikatan furoje, masu aikin raya karkara, suka zo da manyan huluna, suka ɗauki hoto, suka tambayi mai gonar wace dabara ya bi. Mai gonar tobashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Ya gyara rawani, ya ce musu haƙuri ne da aiki tuƙuru. Suka rubuta. Ina tsaye a bayansa. Babu rami ko ɗaya a gonar nan da ya haƙa da hannunsa. Ni na haƙa su duka, kuma kowane layi karan taba ne da aka kama ni da shi.

Ni na kawo taba gidanmu. Ina saurayi na tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan kamar yadda 'yan Adar suka saba, na yi tallan agogo da tabarau a bakin tasha har rana ta gasa mini ƙeya. Na dawo da rediyo, da takalmi mai tsini, da wata tafiyar ƙasaita da na koya wurin yaran mota, da kwalin sigari a aljihun gaba inda kowa zai gani. Rediyon ya mutu kafin kaka. Takalmin, duwatsun ƙasarmu suka cinye shi. Cikin tsarabata duka, tabar ce kaɗai ta yi albarka, ta hayayyafa, ta shiga gidaje.

Wanda na fara yi wa wannan alheri shi ne tobashina. Shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, saboda haka tun muna kiwon awaki nake kiransa bara, shi kuma yana kirana ubangidan tsiya, kuma duk abin da muka faɗa wa juna ba a kai shi gaban manya. Na ja shi bayan kasuwar dabbobi, na kunna masa kara.

"Ja, bara. Haka mutanen birni ka yi."

Ya ja. Ya yi tari har hawaye, ya amayar da hurar da ya sha da safe a kan takalmina mai tsini.

"Wanga abu guba na," ya ce yana share baki.

"Bakinka dai na ƙauye na. Sake ja."

Rani guda cur na yi ina lallaɓa shi. A rayuwata ban tuna wani aikin kirki da na dage a kansa kamar yadda na dage a kan koya wa yaron nan taba ba. Da haka na dage da karatun lakwal, wato boko, da yanzu ni ne ke zuwa da babbar hula ina ɗaukar hoton gonakin mutane. Kafin damana ya iya, har ya fi ni. Yana fitar da hayaƙi ta hanci yana kallon 'yan mata a bakin rijiya, ni kuwa ina alfahari da ɗalibina.

Muka yi aure, muka haifi 'ya'ya, muka aurar da su, gemunmu ya yi fari, yatsunmu suka yi ruwan goro. Sai tari ya kama tobashina. Da farko na safe ne, irin wanda kowane mai shan taba ke gaisawa da shi kafin ya gaisa da iyalinsa. Daga baya ya zama yana tsayawa a tsakiyar Fatiha ya nemi numfashi. Manjo, babban ma'aikacin asibitin garinmu, ya tura shi Kaita, daga Kaita aka tura shi Tawa, ya dawo da wani baƙin hoton ƙirjinsa a cikin babbar takarda. Ya kawo shi majalisa kamar wanda ya ci jarrabawa.

Majalisarmu gindin bedi take, itacen da wasu ke kira dogon yaro, kusa da masallaci. Mu tsofaffi ne da ba a buƙatar mu a gida tsakanin la'asar da magariba. Akwai ladan, wanda bai taɓa sa taba a baki ba kuma bai taɓa barin mu manta da haka ba. Akwai wani tsohon soja da ya sha taba shekaru ya bari tun kafin ya ajiye kaki. Sai mai tebur, wanda ba tsoho ba ne sosai amma teburinsa na jingine da itacen, shi ke sayar mana da tabar kara-kara. Tobashina ya ɗaga hoton ya saitar da rana, kowa ya leƙa. Ba wanda ya fahimci komai sai dai an ga haƙarƙari da wani abu kamar hadari.

"Mi likita ya ce?" in ji ladan.

"Ya ce in bari, ko ko in zaɓi likkahwanin da nika so tun ina da ido."

"To ka bari mana."

"Ni bari," ya ce, yana mayar da hoton cikin takarda a hankali. "Ran da wanda ya koya min ya bari."

Duka suka juyo suka dube ni. A lokacin akwai kara a bakina, yana ci. Ina so in rubuta cewa tausayi ya kama ni, na jefar da shi nan take. Abin da ya faru shi ne na ƙarasa zuƙe shi tukuna, domin na riga na biya. Sannan na ce barin taba wane aiki ne, ai kowane azumi ina wuni ban sha ba. Tsohon soja ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ci gaba da fifita gawayin shayi.

Na ce a kawo Alƙur'ani mu dafa. Ladan ya ƙi.

"Na san ku tun kuna yawo ba wando. Ba ni ba ku Littafi ku ƙara rantsuwar ƙarya bisa zunubanku. Ku bidi abin da za shi yi muku ciwo nan duniya."

Tsohon soja ne ya kawo shawarar. Ni da tobashina muna da fako bisa tudu, gadon kakanmu, nawa rabon mahaifina, nasa rabon mahaifiyarsa, suna maƙwabtaka da juna. Ba wanda ya taɓa shuka ko ƙwayar wake a wurin. Ya ce duk wanda aka kama da taba, kara ɗaya, zai hau da diga ya haƙa wa ɗan'uwansa layin tassa guda daga gefe zuwa gefe. Ba aika ɗa, ba ɗaukar ɗan ƙwadago. Na amince da sauri. Na riga na hango fakona ya cika da ramuka, ina zaune a inuwa ina ba barana umarni. Har na yi masa tayin aron digata.

Kwana na farko na wuce shi da taimakon girman kai. Na biyu na yi faɗa da matata a kan ta ajiye buta a inda take ajiye ta tun ranar da aka kawo ta gidan. Na uku na zagaya ta bayan masallaci lokacin da gari ya yi tsit da zafin rana, na sayi kara ɗaya wurin mai tebur, na ce masa maganar ta tsaya tsakaninmu.

"Haba Baba, ni da kai?" ya ce, ya miƙo mini ashana da ladabi.

Da la'asar ina isowa gindin bedi na tarar an jingine diga a inda nake zama. Mai tebur ya sayar mini da tabar, ya ba da labarin kyauta. Da na tsare shi da ido sai ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya hana ciniki, amma kuma shi musulmi ne, ba ya ɓoye shaida. Ban taɓa ganin mutumin da ya ci riba duniya da lahira a kan kara ɗaya ba sai shi.

Wanda bai taɓa sara fako da rani ba, ba zai gane ba. Kana kai diga sai ta yi tsalle ta dawo maka, wani lokaci har da tartsatsi. Ka fasa ɓawon, ka kwashe ƙasar ka tara ta gefen gangare, ka faɗaɗa ramin, ka matsa gaba ka sake. Kafin in kai tsakiyar layi na ji kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Kuma ba ni kaɗai ba ne a tudun. Majalisa gaba ɗaya ta taso ta biyo ni, da tabarma da butar shayi da gawayi, suka zauna ƙarƙashin wata 'yar aduwa suna ba ni ƙarfin gwiwa.

"Ramin ga bai yi zurhi ba, ubangida," in ji tobashina. "Hatsi za a shuka ciki, ba allura ba."

"Ku bar shi," in ji tsohon soja. "Mutumin Abijan na. Can da cokali aka noma."

"Bara, in na sauko sai na karya ka."

"Sauko da numhwashin wa?"

Gaskiyarsa. Ban da numfashin zagi ma. Na gama layin bayan kwanaki, tafin hannuna duk ya ɗuri ruwa, na rantse a raina ba za a ƙara kama ni ba. A lura, ban rantse ba zan ƙara sha ba. Tsakanin waɗannan biyun ne gonar tobashina ta samu.

Na yi dabaru iri-iri. Na daina saye a garinmu, nakan jira ranar kasuwar Ibohaman in saya wurin wanda bai san ni ba, ashe a ƙasarmu babu wanda bai san ka ba, sai dai wanda kai ba ka san shi ba. Na sha a cikin rumbu, hayaƙi ya fito ta jinka, maƙwabta suka sheƙo da bokitai. Na sha na bi da ɗanyar albasa, na bi da ganyen bedi, na zo majalisa ina warin da ƙuda ma ke kauce mini. Tsohon soja ya shinshina ya ce albasa ce da bedi da sigari, a jere, kuma sigarin ne a ƙasa. Sau ɗaya na gwada tabar gari da kanwa a kunci, na ce yarjejeniya ba ta ambaci tauna ba. Ladan ya yanke hukunci cewa layi guda na tabar ne, layi na biyu na wayon. Matata ta daina tambayata ina za ni da safe. Takan ajiye mini hura da digar a ƙofar ɗaki tare.

A tsakiyar wannan wulakanci akwai abin da ban lura da shi ba sai daga baya. Lokacin da tabar ta fi kirana shi ne bayan cin abincin rana, idan ciki ya cika hannu ya rasa abin yi. A daidai wannan lokacin ne kullum tsohon soja ke yin sallama a ƙofar gidana, wai ya biyo hanya. Gidansa yana can ƙarshen gari, ba hanyar da ta biyo da shi ta wajena sai dai idan daji zai shiga. Yakan zauna ya jawo gardamar kokowa, ya kushe ɗan kokowar da ya san ina so, ya ce ƙato ne kawai ba dabara, ni kuma in hau, in yi ta kumfar baki har a kira la'asar. Sai ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce gobe zai kawo mini hujja. Bai taɓa kawowa ba. Bai kuma taɓa ambaton taba ba ko sau ɗaya. Rana ɗaya ce kawai, da ya ga sha'awar tabar ta taso mini, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Zuwa takai ta wuce. Ba ta daɗewa. Kai dai kar ka tashi." Ladan kuwa ya riƙa kawo mini asuwaki dami-dami, kowane da wa'azinsa. Na tauna itace a ranin nan da zai isa a yi darni.

Ban san ranar da na sha kara na ƙarshe ba. Na dai san tazarar da ke tsakanin layi da layi ta riƙa tsawo. Kuma ko ba a kama ni ba sai in ji ina son hawa tudun, don idan na wuni ina sara ba na iya tunanin komai sai ruwa da kwanciya. Wata safiya na isa sama na lura ban tsaya a dutsen da nakan tsaya in yi tari ba. Na waiwaya na dube shi kamar tsohon abokin da na wuce ban gaisar ba.

Sauran alheran barin taba kuwa sun zo da nasu fitinar. Harshena ya farka. Na ɗanɗana miyar kuka na ce wa matata gishiri ya yi yawa. Ta ajiye ludayi ta ce shekara da shekaru ita da 'ya'yanta suna shan ruwan gishirin Bilma saboda ni, kullum ina cewa miya lami, yau kuma ni ne mai ƙorafi. Hancina ma ya buɗe, abin da ya fara kawo mini shi ne warin hulata. Na tambaye ta yaya aka yi ta zauna da wannan, ta ce ai ba a tambaye ta ba. Na fara jin ƙanshin ƙasa idan hadari ya taso, wanda rabona da shi tun ina kiwo. Na kuma gano cewa ladan, da duk tsarkinsa, yana cin tafarnuwa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Fakon tobashina ya cika, har na fara zuba masa taki don kada wahalata ta tafi banza. Nawa kuwa yana nan sumul kamar goshin jariri. Ba a taɓa kama shi ba. Kullum yana majalisa da carbi, ana misali da shi, ladan har ya sa shi a cikin nasihar bayan sallah. Amma tarinsa bai ragu ba. Ni da na yi ta faɗuwa ina tashi na samu sauƙi, shi waliyyi yana ƙara ramewa. Manjo ya ce a yi haƙuri, ƙirjin da ya daɗe yana cin hayaƙi ba ya washewa da wuri. Na yarda, sai wata rana da muka yi sahu kafaɗa da kafaɗa, sabon hancina ya gaya mini abin da tsohon ba zai iya ba.

Yana da 'yan awaki da yake kaiwa kwari da hantsi, ya ce likita ya ce tafiya na da amfani. Na bi shi daga nesa. Na same shi a cikin busasshiyar korama, ya jingina da gaɓa inda ba mai hango shi, ya tuɓe riga ya rataye a reshe can gefe don kada ta ɗauki wari. Duk haƙarƙarinsa a waje, kamar hoton nan na Tawa ya fito yana zaune. Yana zuƙa yana tari, yana jira tarin ya lafa ya sake zuƙa. Ya ɗago ya gan ni. Bai ko ɓoye ba.

"Ubangidan tsiya. Har nan?"

"Tun yaushe?"

"Ban taɓa bari ba. Ragewa na yi." Ya yi murmushi. "Ni ba sakarai ba na, da za ni sha cikin rumbu."

Na tsaya ina kallonsa. Na tuna tafin hannuna, na tuna shayin da ya sha a inuwa yana auna mini zurfin rami. Ya kamata in yi fushi, kuma na yi. Amma abin da ya fi damuna lissafi ne mai sauƙi. Idan na faɗa, dole ya hau tudu da diga, mutumin da ba ya gama Fatiha da numfashi ɗaya. Idan na yi shiru, zai ci gaba da zuwa koramar nan har ranar da awakin za su koma gida su kaɗai.

Shi ma ya yi nasa lissafin. Ya miƙo mini karan, rabi ya rage.

"Ja, ubangida. In ka ja, ba ka gan ni ba, ban gan ka ba. Haka mutanen birni ka yi."

Ya riƙe maganar nan shekaru masu yawa kafin ya mayar mini da ita. Na karɓa. Ba zan ɓoye ba, yatsuna sun san wurin zamansa, bakina ya kawo ruwa. Na tsaya da shi a hannu ina jira abin nan da tsohon soja ya ce yana zuwa ya wuce. Ya daɗe bai wuce ba. Da ya wuce na tura karan cikin rairayi na taka.

"Digata na nan ƙohwar ɗaki," na ce. "Na taɓa yi maka tayin aro."

Da na faɗa a majalisa ba wanda ya yi dariya, abin da ya ba ni haushi, don ni an yi mini. Ladan ya yi gyaran murya ya ce addini ya yi rangwame ga marar lafiya, ana iya yafe masa, ko ɗansa ya yi a madadinsa. Ni ma na buɗe baki zan ce na yafe. Tsohon soja ya taka mini ƙafa. Tobashina ya dubi ladan ya dube ni.

"Ni za a yahe ma? Wanga tsohon banza ya haƙe gona guda, ni in kasa layi? Ku aje rangwamenku."

Washegari da safe muka hau. Hawan kaɗai ya tsaya hutawa ya fi a ƙirga, har da dutsena na tari, wanda na ba shi aro shi ma. An shimfiɗa tabarma, an hura gawayi, amma ba wanda ya kula da shayin. Ya ɗaga diga ya kai sara, ta yi tsalle. Ya sake. Ya gama ramin farko, marar zurfi, karkatacce. Na shirya maganar allura da zan rama, tana bakina. Ya fara na biyu. A na uku digar ta suɓuce, ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, bakinsa a buɗe yana jan iska ba ta shiga. Leɓɓansa suka canza launi. Na riƙe shi ta baya ina jin ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, ina ce masa bara, bara, ban san me kuma nake cewa ba. A ranar na san cewa idan ya mutu a fakon nan, ni na kunna masa na farko, ni kuma na kawo shi inda zai ƙarasa.

A amalanken jaki muka sauko da shi zuwa likita. Manjo ya yi masa abin da zai yi, sannan ya fito ya wanke mu tas, mu huɗu a tsaye kamar 'yan lakwal, ya tambaya wane mai hankali ne ya ba wannan mutum diga. Duka suka dube ni, kamar yadda suka saba.

Da aka bar ni na shiga, yana kwance ya zuba wa rufi ido.

"Rami biyu da rabi," ya ce daga baya. "Ni da nika noma tun sahe har azahar."

"Na yahe sauran."

"Ba ka isa ba." Ya juyo da kai. "Kar ka bari kowa shi taɓa layin nan. Nawa na."

Ya laluba aljihun rigarsa da ke rataye a gadon, ya ciro wani ƙullin leda da sauran kara a ciki, ya ba ni. Na kai wa tsohon soja, don ban yarda da kaina in kwana da su ba.

Abin da hoton Tawa da wa'azin ladan suka kasa, rami biyu da rabi sun yi. Daga nan aikin ya koma kaina. Ni ne mai yin sallama a gidansa bayan abincin rana, wai na biyo hanya. Ban iya gardamar kokowa kamar soja ba, sai in zauna in yi ta kushe awakinsa da danginsa na wajen uba har a kira la'asar. Na bi shi kwari da awakin har ya ce ko matarsa ba ta tsare shi haka ba. Ya yi faɗa da kowa, ya yi kuka sau ɗaya ya ce hayaƙin murhu ne. Mai tebur ya ƙi sayar masa, ya kuma zo ya ba da labarin ƙin, don kada ladarsa ta ɓata a ɓoye.

Bayan damana, da manjo ya yarda, ya fara hawa tudun. Yakan haƙa rami ɗaya ya zauna, ranar da ya ji ƙarfi ya yi biyu. Ba a sa masa lokaci ba. Majalisa ta koma bin sa da shayi, kuma da aka ga ya daina durƙusawa, sai zagi ya dawo, na samu na yi maganar allurata. Ƙirjinsa bai koma kamar da ba, manjo ya ce abin da ya ƙone ya ƙone. Har yau yana tari da sanyin safiya. Amma yana kai ƙarshen Fatiha, yana kuma hawa tudu da tsayawa ɗaya.

Saboda haka idan ka tsaya kallon gonar da baƙi ke ɗauka hoto, ka dubi ta kusa da ita. Fako ne fetal, da layin tassa guda ɗaya tal a tsakiya, karkatacce kamar tafiyar maciji, ramukan farko ƙanana, na ƙarshe sun fi zurfi. 'Ya'yana sun so su cike sauran wurin, na ce su bari tukuna. Ranin da ya wuce tobashina ya kai layin nasa gefe. Na zuba taki na shuka, na samu hatsin da bai cika dami ba. Ranar da na yanke, ya zo ya tsaya yana kallo, hannu a baya, rumbunsa cike da hatsin da gumina ya noma.

"Rabi nawa na," ya ce. "Ni na haƙa."

Na raba na ba shi. Ya ɗora a ka, ya gangara da shi gari da ƙafarsa.